Farin Tabo a Hoton Kan Yayana

Tun ina saurayi nake ɗaukar hoto a bakin Kasuwar Jalingo. Na san hoton da haske ya ɓata, na san wanda ruwan wanki ya bar wa tabo. Wannan sanin ne ya cuce ni.

Shekarar korona aka kwantar da yayana, mai sayar da doya, a ɗakin da ake killace masu cutar. Kwana huɗu yana fama da numfashi, sai hannunsa na hagu ya mutu, bakinsa ya ɗan karkace. Aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Da hantsi likita ta fito da takunkumi a fuska, ta tsaya nesa da ni, ta ɗaga baƙin faifan hoton sama saitin rana.

"Ka ga farin nan a gefen dama? Jini ne ya daina isa wurin," in ji ta. "Mai korona in muka ga haka a kansa, da wuya ya fita da ƙafarsa. Yau yana iya magana. In akwai wanda ya kamata su gana, kira shi, nas za ta kara masa waya a kunne."

Akwai kuwa. Innarmu tana unguwar Yelwa, kuma shekara biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba, tun da ya kwashe iyalinsa daga gidan gado ba da yardarta ba. Kullum cewa yake sai ya je ya durƙusa ta yafe masa, kullum sai gobe.

Ni kuwa, uban 'yan sani, na matsa na ƙura wa hoton ido. Na ce, "Likita, wannan ai haske ne ya shiga. Sana'ata ce fa! Ku sake wanke shi." Har na ɗaga murya, wai za a kashe mini ɗan'uwa da lalataccen hoto. Kai, wauta ba ta da magani.

Da yamma na biya ta Yelwa. Inna tana tsinke zogale a faranti, ta tambaya ba tare da ta ɗago kai ba, "Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi, Inna."

Haka muke cewa ko mutum yana shure-shuren mutuwa, ita ma ta sani. Shi ya sa ta ɗago ta dube ni sosai. "Tsakaninka da Allah?"

Na ce tsakanina da Allah. Na ƙara da cewa hoton ne bai wanku ba.

Ta sauke ajiyar zuciya. "To. In ya tashi, ya zo da ƙafarsa. Ba na yafiya ta waya."

Washegari maganarsa ta ɗauke. Kwana biyu bayan haka ya cika, ma'aikata suka yi masa sutura, mu muna tsaye daga nesa.

Inna ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni, da na fi jin daɗi. Bayan sadakar bakwai ta ce in kawo mata hoton. Ta fito tsakar gida ta ɗaga shi saitin rana yadda na kwatanta mata, ta ce in nuna mata wurin. Na ɗora yatsa a kan farin.

Ta matso da shi kusa da bakinta, ta ce, "Na yafe maka, ɗan nan. Tun ranar da ka fita na yafe."