Gurbi Arba'in

Yana cikin share tsakanin maɓallan na'ura da tsohon buroshin haƙori, kamar yadda yake yi kowace safiya kafin ya taɓa aiki, sai wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce, daga ɗakin mata marasa lafiya da ke bene na sama.

"Baba, sun kawo sabon katin gado. Yau ma magani biyu ne a jiki."

"Na ukun fa?"

"Ko rabin sunansa bai fito ba."

A asibitin kowa Baba Kore yake ce masa, saboda koren rubutun da ke haska fuskarsa daga baƙin allo. Ɗakinsa yana can ƙasa, bayan ɗakin wanki, ba taga, sai sanyi da gurnanin babbar na'urar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya. Tun gashinsa yana baƙi ya koyi Kobol, yaren da take ji. Waɗanda suka koya tare, wasu ƙasa ta rufe musu ido, wasu sun koma kiwon kaji. Shi ya tsufa a gabanta kamar mai jinyar uwa.

Yaren yana da hali guda. Kafin ka ba shi magana sai ka faɗa masa tsawonta. In ta zo gajeriya, ya cike sauran gurbin da sarari. In ta yi tsawo, ya ɗauki na hagu ya zubar da na dama, ba ƙara, ba gargaɗi. Halin ya bi Baba Kore har gida. Matarsa takan ce ko gaisuwa sai ya auna ta kafin ya fitar, kuma da ta san haka ne da ta auri mai sayar da rediyo.

Ita ce yanzu kwance a sama, yau da rana za a yi mata tiyata. Magunguna uku ne jikinta ba ya karɓa. Na ukun shi ne wanda ya taɓa kumbura mata maƙogwaro lokacin haihuwar autarsu, har numfashinta ya koma kamar na iska a ƙarƙashin ƙofa. Likita ya shigar da su duka, suna nan cikin na'ura. Amma katin da ma'aikatan jinya ke dubawa, layin gargaɗinsa gurbi arba'in ne kawai, kowane gurbi harafi ɗaya. Sun ƙara sunan da biro, washegari aka buga sabon kati aka jefar da tsohon. A ƙofar tiyata ma sabo za a buga.

Ya jawo kujera. Ya rubuta wa na'urar ta bi layin harafi bayan harafi, ta matse duk inda sarari ya zo biyu, ta tsince waƙafi. Ya gwada. Sunan ya leƙo kaɗan ya tsaya. Ya gwada gajarta sunayen, sai ya ga na ukun ya zama daidai da farkon wani maganin daban, wanda ba ya yi mata komai. Ya goge. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga a cikin wannan sanyin.

Saura hanya ɗaya, ya faɗaɗa gurbin. Ya yi a kan kwafin gwaji, ko da yake ya san abin da zai gani. Bayanan mutum a jere suke a layi guda, kamar masu jira a kan benci, in ka tura ɗaya kowa ya gusa. Abin da ke bin gargaɗin magani shi ne rukunin jini. Ya buga katin gwaji. A inda ya kamata jini ya fito, wutsiyar sunan magani ce zaune.

Shugabar sashen ta shigo da kofin shayi a hannu. Sa'ar babbar 'yarsa ce, kuma ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. Ta karɓi katin ta duba.

"Baba, wannan na gwaji ne, ko?"

"Na gwaji ne, ranki ya daɗe."

"Wurare nawa ne ke karanta layin nan?"

"Ɗakin jini, ɗakin magani, ɗakin gwaji. Da wasu da masu rubuta su suka tafi da sirrinsu kabari."

"To in na sa hannu ka faɗaɗa, gobe wa za a ƙara wa jinin da ba nasa ba?"

Gaskiya ta faɗa, kuma shi ya koya mata ita.

"Na kira sistar tiyata," ta ce a hankali. "Ta ce za ta tuna."

"Ta safe ce. Kafin a shiga da matata ta tashi aiki."

"Sabuwar na'ura tana hanya, Baba."

"Tun kina makaranta take hanya."

Wayar ta sake ƙara. Wannan karon muryar matarsa ce, siririya, amma da tsokanarta.

"Malam, an ce kana can ƙasa kana kokawa da akwatinka. Wa ke cin wani?"

"Ki bar wasa. In sun zo, ki faɗa musu sunan na ukun. Ki maimaita har su gaji."

"Na haddace shi fiye da sunayen jikokina. Amma in sun sa ni barci, da wane bakin zan faɗa?"

Ya riƙe wayar a kunne bayan ta kashe. Koren ɗigon allo yana ta ƙifta masa ido. Duk rayuwarsa ya yi ta yanka maganar mutane don ta shiga gurbi, bai taɓa ganin inda guntayen suke faɗawa ba sai yau.

Ya share kwafin gwajin, ya mayar da komai yadda ya same shi. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko maka baƙa mai kaurin baki, wadda yake rubutu da ita a jikin kwalaye. Ya gwada ta a bayan hannunsa, ya murza da yatsa. Ba ta goge ba.

"Ina za ka da wannan?" shugabar ta tambaya.

"A hannun matata zan rubuta. Wanda za su sa wa allura. Daga kafaɗa har wuyan hannu."

"Aikin na'ura na rana fa? Ba mai tayar da shi sai kai."

"Ya jira ni."

Ta matsa daga bakin ƙofa. Ya wuce ta da sauri, takalminsa ɗaya bai gama shiga ƙafa ba, ya nufi matakala.