Dakta Nusaiba Illo Turba, mai bin sawun sinadarai

Da hantsin Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, daidai da sha huɗu ga Janairu 2025, mijinki Abdulrazak ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa a wani asibiti a Sakkwato, bayan wata biyar kina jinyar ƙoda. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Shekarunki arba'in da ɗaya. Ni da na koya miki ilimin sinadarai a sakandare a Isa na haura saba'in, ga shi ni ke rubuta ta'aziyyarki.

A bangon ajinmu akwai wani tsohon jadawalin sinadarai da ya tsaya a kan lamba ɗari da uku. Wata rana kika ɗaga hannu kika ce, "Malam, bayan wannan mi ke akwai?" Na ce miki akwai wasu masu nauyi ƙwarai waɗanda ba a samunsu a ƙasa ko a dutse, sai dai a haɗa su a na'ura, kuma iyakar sanina ke nan. Kika rubuta amsar yadda na faɗe ta, har da "iyakar sanina".

Bayan jami'a kika samu gurbin karatu a wata cibiyar bincike a Turai. Daga wasiƙunki na fahimci wahalar aikin. Ana harba ƙwayoyin zarra marasa nauyi a kan masu nauyi, mako bayan mako, da fatan biyu su manne su zama sabon sinadari. In an dace an samu ƙwaya ɗaya, ita ma ba ta wuce 'yan daƙiƙu take wargajewa, wata ma ba ta kai daƙiƙa guda. A cikin wannan ɗan lokaci kuke so iska ta ɗauko ta, ta bi da ita ta kan farantin zinari mai sanyi, ku ga inda za ta manne, ku san halinta.

Ina gidanku a Turba ranar da kika zo hutu, mahaifinki Malam Illo, makiyayi, ya tambaye ki ko kin taɓa ganin abin da idonki. Kika ce, "A'a Baffa, sawunshi muke gani bayan ya wuce." Ya ce shi ma ya sha bin sawun saniya ya tarar ba tasa ba ce, don haka ki riƙa dubawa sau biyu.

A shekararki ta uku kuka yi mako bakwai kuna aiki, na'ura ta nuna muku ƙwaya uku. An fara rubuta rahoto, kuma a kansa digirinki ya dogara. Ke kika koma kan bayanan, kika gano cewa alama ɗaya daga cikin ukun ta fito ne daga wani gurɓataccen sinadari da ya biyo bututu. Ba wanda ya lura sai ke. Kika kai wa shugaban aikin. Aka janye rahoton, aka sake neman lokacin na'ura, karatunki ya ƙaru da shekara ɗaya da rabi. Da na tambaye ki a waya ko ba ki yi nadama ba, kika ce, "Na yi kuka, Malam. Amma biyu muka gani. Ba za ni sa hannu a kan uku ba."

Kin dawo gida kika kama koyarwa a jami'a, kin san babu irin waccan na'ura a ƙasar nan. Da hare-hare suka kori mutanenku daga ƙauye, kika ɗauko mahaifiyarki Hajjo da gidaje biyu na dangi kika zaunar da su. Duk hutu kina tahowa Isa ki tara 'yan matan da makarantunsu suka rufe, har da na Gatawa da Unguwar Lalle, ki yi musu bitar jarrabawa a zaurena. Huɗu daga cikinsu suna jami'a yanzu. Ɗaya daga cikinsu, Radiyya, wadda ke karatun harhaɗa magunguna, ita ta zauna da ke a asibiti makon ƙarshe.

Kina da saurin fushi in ɗalibi ya ƙirƙiri sakamakon gwaji, kuma ba ki iya ɓoye shi. Na sha ce miki ki sassauta. Ba ki sassauta ba.

Allah ya jiƙanki, Nusaiba, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajjo, da Malam Abdulrazak, da 'ya'yanki Sadiƙa da Hafizullahi, da mutanen Turba na gida da waɗanda ke gudun hijira. Allah ya ba su haƙuri, ya mayar da kowa gonarsa lafiya, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe.

Malam Muntaka Ɗanmusa, Isa