Tarin da na ɓoye a ɗakin buhuna

Mijina majemi ne a zangon Yendi, ni kuma koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gida. Sana'arsa ba ta yiwuwa sai da kashin tattabara, da shi ake tausasa fata. Yayana ke aiko masa buhu-buhu daga Bawku a motar albasa, a jibge a ƙaramin ɗakin bayan gida. Shi da kansa yake zazzage shi ya tankaɗe, ya fito fari fat har gashin ido. Nakan ce masa, “Malam, aljanin wane gari ne wannan?” Sai ya yi dariya ya kakkaɓe rigarsa.

A daminar shekarar tamanin da wani abu zazzaɓi ya kama shi, da ciwon kai, sai busasshen tari da ba ya fitar da komai. A zango, in aka ji tari ya daɗe a gida, tibi za a ce, wato tarin fuka, kuma daga ranar ko ruwan randarku ba mai sha. Na ga yadda aka yi wa wata mai tuwo, har tukunyarta aka daina aro. Ni kuwa bakina bai bar kowa ba a unguwar, na san akwai masu jira.

Shi ya sa na ɗauke shi daga ɗakinmu mai taga a kan hanya, na shimfiɗa masa tabarma a ɗakin buhunan nan, inda ba mai jin tarinsa. Na toshe tagar da tsumma saboda sanyi. Kullum da safe sai na share ɗakin tas, yana kwance, ƙura na tashi. Wanda ya tambaya in ce ya tafi Salaga sayen fata.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a haka. Ranar da ya fara kirana da sunan ƙanwarsa da ta rasu, numfashinsa kamar ana zuga wuta, na nemi mota.

A asibiti wata nas Badagomba ta saurari ƙirjinsa, ta ce, “Wannan ba tibi ba. Akwai tsuntsu a gida? Kaza, zabo?”

Na ce babu, sai dai kashin tattabara, na gaya mata inda yake kwana. Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce akwai ƙwayar cuta a jikin tsuntsaye da ke bin busasshen kashinsu, mutum ya shaƙa ta kama huhu, kuma maganinta ƙwayoyi ne da ke nan cikin kabad ɗinsu.

“Mma, da ka kawo shi tun sati na farko,” in ji ta da Hausarta ta Dagomba.

An yi masa allura, an ba shi ƙwayoyin. Kwana biyu ya ƙara a duniya.

Ranar sadakar uku mahaifiyarsa ta iso daga Salaga, tsohuwa, ido ya yi rauni. An ba ta labarin jinyar, ban san wa ya ba ta ba. Ta kama hannuna a gaban mata cike da tsakar gida, tana kuka tana sa mini albarka.

“Ku dubi 'yar nan,” in ji ta. “Ita kaɗai ta yi jinyar ɗana. Ko iska ba ta bari ta taɓa shi ba.”

Matan suka ce amin. Ni ma na ce amin.