Wayar Sammani a Buhun Shinkafa

Duk faɗin Kura babu mai tattalin waya kamar Malam Sammani. Manomin shinkafa ne, rabin rayuwarsa a cikin ruwa take har gwiwa, don haka leda uku yake naɗa wa wayarsa, ya ɗaure da roba, ya cusa a aljihun ciki. Kafin ya gama kwancewa mai kira ya gaji ya kashe. Ba ya kai ta shagon caji, wai ana musanya batir. Aro kuwa, ko kallonta ka cika yi sai ya gyara zama. Maƙwabcinsa na gona, Sada, yakan ce jaririn da aka haifa da sanyi ma bai samu wannan gata ba.

Da dalilinsa. Wata biyu kafin Inna, mahaifiyarsa, ta rasu, ta sa an aiko masa da saƙon murya daga Bunkure. Faɗa ne kawai irin nata: "Sammani, wai kai kifi ne? Ka riƙa fitowa daga ruwan nan kana cin abinci." Sai ta yi tari, ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Muryarta ke nan da ta rage a duniya, kuma shekara uku kullum sai ya saurara bayan sallar asuba kafin ya ɗauki fartanya. Matarsa Bilkisu ta sha cewa ya bari a tura saƙon zuwa wayarta, don tsaro. Ya ƙi. Shi bai iya turawa ba, kuma ba zai miƙa wa kowa wayar ba.

Ran nan yana bakin kanal yana gyara tiyon ban-ruwa, waya ta yi ƙara. Ya kwance leda ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ya duba. Sada ne, yana tsaye a kan kunya taku ashirin daga nan, yana dariya. Sammani ya ɗaga hannu zai yi masa daƙuwa, waya ta suɓuce, tsundum.

Ya tsamo ta. Sada, da dariya ta gudu daga fuskarsa, ya ce, "Kada ka kunna, Malam. Cire batirin, ka binne ta a shinkafa kwana uku, za ta tsotse ruwan."

Wani zai nemi kwano ne. Sammani ya ga in kwano ɗaya zai yi aiki, ina ga buhu? Ya shiga ɗakin ajiya, ya farke bakin buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ya tura hannu har kafaɗa, ya binne wayar, ya ɗinke tsaf. Bai gaya wa Bilkisu ba, don ba ya son jin "ai na faɗa maka."

Ya manta sana'ar matarsa turara shinkafa ce, kuma buhun da ya fi kusa da ƙofa take fara ja. Washegari ta juye shi a ganga, ta zuba ruwan zafi, ya kwana. Ta turara. Sai wajen shanya, tana baza shinkafa a kan tamfol, ƙafarta ta taɓa wani abu baƙi.

Mai gyaran waya ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Baba, wannan ai ta dahu." Ba a ciro komai ba.

Da asubar da ta biyo baya Sammani ya idar da salla, hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya dawo. Ya zauna a kan tabarma har rana ta fito, fartanya na jingine. Maraicin da ya yi shekara uku yana kaucewa ya same shi a ranar.

Bilkisu na gaban murhu. Ba ta ko waiwayo ba ta ja murya, ta karya ta daidai inda tsohuwar ke karyawa: "Sammani, wai kai kifi ne? Ka riƙa fitowa daga ruwan nan kana cin abinci. Allah ya yi maka albarka."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a gemunsa. Can ya share da hannun riga.

"Kin tsallake tarin," ya ce.

Ta sake daga farko, ta yi tarin a wurinsa. Sannan ya miƙe ya ɗauki fartanya.