Neman Jakin Kawu, daga Wagini zuwa Babban Duhu

Wagini, shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba Kawu Ɗanjuma ya tare ni. Jakinsa ya mutu, ga wakensa jibge a gona, ga shi an kusa sakin dabbobi.

"Ilu, in ba jaki kafin Juma'a, awaki ne za su kwashe mini amfanin bana."

Na tayar da babur. Kuskurena ɗaya, na goya Malam Sada, malamin tarihin da aka turo mana. Mutumin da in ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka wa ya mallaki masana'antar katifar.

Batsari, bakwai da rabi

Muka sha koko da ƙosai, muka shiga kara, kasuwar dabbobi. Ko kashin jaki babu. Na tambayi wani dillali, ya kwashe da dariya.

"Jaki, Alhaji? Ai sun riga ka fita waje. Fatarsu tana Caina."

Shi ke nan, an kunna Malam.

"Ka gani! Tarihin duniya kaf, waye ke riƙe da kayan aiki, waye ke zuba gumi. Raƙumi ya kwashi fatunmu ya haye sahara. Bature ya shimfiɗa dogo ya kwashi gyaɗa. Yau jari-hujja ta iso kan jaki!"

Yana tsine wa masu cin gumin wani, yana cinye ragowar ƙosaina.

Shingen jami'an tsaro uku muka wuce kafin Safana. A na ukun aka tambaye mu inda muka nufa, Malam ya faro daga cinikin bayi. Ba a kai ga zuwan Turawa ba suka ɗage sandar, har da roƙonmu mu tafi.

Safana, sha ɗaya

A rumfar mai tsire wani mutumin Zakka ya ce mu nemi Baba Tanko a Babban Duhu. Yana da jaki, amma manomi kaɗai yake sayar wa.

Babban Duhu, bayan azahar

Wannan ba jaki ba ne, tirela ce mai kunnuwa. Muka gaisa da Baba, gajiya, iyali, damina, har dabbobi. Na buɗe bakin jakin na duba haƙora, na ɗaga kofato, kamar yadda duk mai neman jakin aiki yake yi. Baba ya gyaɗa kai. Saura a ce albarka.

Sai Malam ya matso, ya shafa gadon bayan jakin, ya ɗan ja fatar da yatsu biyu.

"Dubi lafiyayyar fata! Wannan a Caina..."

Baba ya fizge igiyarsa.

"Manomi ƙafa yake dubawa. Mai jan fata na san ko waye."

"Baba, wallahi malamin makaranta ne!"

"Haka na bara ya ce. Ɗana, ɗauki mahaucinka ku kama hanya."

Malam ya ce ai shi yana bayan talaka. Baba ya ce to ya koma bayan babur.

Wagini, daf da magariba

Kawu ya leƙa bayana, ya ga ba jaki, sai Malam. Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya shiga ɗaki ya fito da buhuna.

"Gobe da sassafe, ku biyu. Malam, kai ka fi faɗin kafaɗa."

Sawu goma sha ɗaya muka yi a ka, waken ya shigo gida ranar Alhamis. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa buhun wake, don tun daga sawu na biyu ban ƙara jin tarihin duniya ba, sai nishi.