Mai Sauraren Tagulla

Tun hantsi Mirsad ke zaune a ƙofar shagonsa a layin maƙeran tagulla na Sarajevo, ba wanda ya taya kofunan kamfani da ya jera. Sai ga wata tsohuwa ta wuce shi ko kallo babu, ta tsaya gaban tarkacen maƙwabcinsa Hajrudin.

Siririya ce, rigar sanyinta ta koɗe, amma takalminta ɗinkin hannu ne. Wataƙila gidanta cike yake da kayan da mutane suka watsar lokacin da ake rububin roba.

Ta ɗauki wata butar gahawa da ta yi baƙi ƙirin, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta kara a kunne. Sannan ta kifa ta, tana shafa tambarin maƙerin kamar mai shafa kan jika.

"Wannan hannu ya san wuta," in ji ta. "Ba a ƙara yin irinsa ba."

Hajrudin ya yi murmushin ƙeta. "Maƙwabci, taso ka ji ana yabon tsohonka."

Mirsad bai motsa ba. Shi da kansa ya kai kayan da mahaifinsa ya ƙera wurin 'yan gwangwan, aka ɗora a sikeli. Daga can Hajrudin ya sayo butar. Ba cinikin Hajrudin yake ƙyashi ba, kunnen matar nan yake ƙyashi.

Ta naɗe butar a mayafinta, ta rungume. Shekara talatin Mirsad ya yi yana shan gahawa daga butar nan, bai taɓa sanin tana da murya ba.