Gashina Yana Mungadi

Wata takwas ke nan da kaina ya fara fitar da sabon gashi, ya isa kamu, amma har yau ban bari kowa ya taɓa shi ba. Inna ta yi magana ta gaji. Ina rubuta wannan ne ko zan iya sake ɗaukar tsinken kitso.

Ƙawata 'yar Mungadi ce, ta wajen Maiyama. A makarantar kwana muka haɗu, gadonta sama nawa ƙasa, kuma tun daga aji ɗaya har muka gama ita ke kitsa ni, ni ke kitsa ta. Gashin Fulani gare ta, gadon kakarta, mai laushi, yana zillewa daga yatsu. Nawa gajere ne mai tauri, takan ce kitsa ni da tufkar igiyar kaba duk ɗaya. Wata rana malamar addini ta koya mana wankan gawa, ta ce mace ana tsefe mata kai, a wanke, a yi mata kitso uku a mayar baya. Da muka fito ƙawata ta ce ita kam ko ta mutu ba ta yarda wata tsohuwa mai hannun ƙarfe ta ja mata kai ba. Muka yi alkawari muna dariya: duk wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta yi mata kitson nan uku.

Da muka gama ta yi aure a garinsu, ni ina gida a Jega. Ba a daɗe da yanke mana jiha ba wani ƙullutu ya fito mini a wuya, ba zafi, sai girma. Aka sha saiwoyi, aka shafa na shafawa, daga baya Baba ya kai ni asibiti a Sakkwato. Suka yanki kaɗan suka duba, suka ce daji ne. A gidanmu ba mai kiran sunansa, sai dai a ce abin nan.

Duk bayan mako uku mukan shiga mota ni da Baba. A sa mini ƙarin ruwa, a zuba wani jan magani a ciki, in ji sanyinsa yana hawa hannuna har ƙirji. Fitsarina ya koma ja, bakina ya koma ɗanɗanon ƙusa. A dawowa in mun iso Aliero, inda ake jibge buhunan albasa a bakin hanya, sai direba ya tsaya da kansa, ya riga ya san zan yi amai. Har yau ba a yanka albasa ina tsakar gida.

Bayan zuwa na biyu ƙawata ta zo duba ni. Ta haihu, ta yi arba'in, amma ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma daga zaure zuwa rumfar Inna sai da ta huta sau biyu. Ta ce gajiyar jego ce. Ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta kamar da, ta sa tsinke za ta tsefe ni, sai kitson ya biyo hannunta gaba ɗayansa. Na biyu ma haka. Ta ci gaba da cirewa tana tarawa a cinya, har kaina ya koma kamar bayan ƙwarya.

A wajenmu ba a yar da gashi. Akan dunƙule shi a cusa a tsagar katanga, kada ya faɗa hannun mai mugun nufi ko tsuntsu ya yi sheƙa da shi. Inna ta miƙo hannu za ta karɓa, ƙawata ta hana. Ta yage gefen wani farin ƙyalle ta ƙulle shi a ciki.

"Ni ka aje shi, Inna. In ta riga ni, mi zan kitsa? Ƙwarya?"

Inna ta ce ta bar wannan magana, bakinta ya sari ɗanyen kashi. Mu kuwa muka yi dariya. A lokacin duk wanda ya dube mu ya san wadda za ta riga, har ni.

Ba a yi wata biyu ba aka ce ta kwanta. Su ma sun je asibiti, aka ce zuciyarta ce ta kumbura bayan haihuwa, aka ba su ƙwayoyi suka dawo. Na matsa wa Baba har ya sa aka kai ni Mungadi a makon da nake da ɗan ƙarfi.

Da rana tsaka muka isa. Gidan shiru, kowa yana gona, sai innarta da kakarta, wata tsohuwa da ke wankan gawar matan unguwar. Na same ta zaune, an jera mata matasai a baya, don in ta kwanta numfashi yakan ƙi. Fuskarta ta cika tana sheƙi, leɓɓanta sun yi toka-toka. Gashinta ne kawai bai san ana ciwo ba, yana nan baƙi wuluk cikin wani tsohon shuku. Ta dube ni, ta ce in cire ɗankwali ta ga ƙwaryarta. Sannan ta ciro tsinke daga ƙarƙashin matashi.

"Tsehe min kai, ƙawa. Ki rage wa kanki aiki."

Na gane abin da take nufi. Na hau gadon na zauna a bayanta, na fara. Fatar kanta sanyi kamar randa, kuma duk inda yatsana ya danna sai ya bar rami, ramin ya daɗe bai cike ba. Ina jin numfashinta ta bayanta yana ƙara kamar ana hura ruwa da kara. Ta jingino da nauyinta duka a ƙirjina, ta daɗe ba motsi, har na ɗauka gawa nake tsefewa. Na yi rabin kai, ɓangaren dama, hannuna ya ƙi. Na ce mata jiri nake ji. Ƙarya na yi, tsoro ne. Na ce mako mai zuwa zan dawo in ƙarasa. Ba ta juyo ba, ta ce to, tana jira.

Makon ya zo na ce jikina ba daɗi. Na gaba kuma aka koma Sakkwato, jan maganin ya kwantar da ni kwana biyar ban san inda kaina yake ba.

Ranar da na fara fitowa tsakar gida, da hantsi, ina zaune kan tabarma jikin bango, ba ɗankwali saboda zafi, na lulluɓa da wani farin zane na Inna. Sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Mata uku suka shigo, dangin Inna daga Jiga Birni, kansu a sunkuye, babbarsu tana cewa Allah shi jiƙan ta, Allah shi ba da haƙuri, yarinya ta huta. Ta ɗago kai muka haɗa ido. Ƙwaryar geron da ta riƙo ta sulluɓe, geron ya watse har ƙafata. Ba wadda ta yi ihu. Suka tsaya suna kallona, ɗaya tana motsa baki da addu'a, ni ma ina kallonsu, kuma wallahi na ɗan lokaci ban tabbata su ne suka yi kuskure ba.

Labari ne ya je musu ta bakin 'yan kasuwa cewa cikin ƙawayen nan biyu ɗaya ta rasu, ba su ko tambayi wacce ba. Inna ta fito daga ɗaki, ta gan su, ta gan ni, ta zauna a ƙasa. A nan na ji cewa kwana uku ke nan da rasuwar ƙawata. An aiko tun da sassafe ranar, aka ce marigayiya ta bar wasiyya a kira ni, Inna ta mayar da ɗan aike. Ta ce ba a gaya wa mara lafiya mutuwa, kuma ba ta iya kai ni in taɓa gawa ina wannan hali.

"Mi kike so in yi, ɗiyata? In kai ki da hannuna?"

Ban yi mata gardama ba. Na sa mayafi na ce a kai ni Mungadi.

Mun tarar ana rabon gumbar sadakar uku. Mata suka buɗa mini hanya fiye da yadda ake buɗa wa mutum. Innarta ta rungume ni, ta ce tun ranar da na tafi ba ta bari kowa ya ƙarasa tsifar nan ba, rabi a tsefe rabi a kitse, in an yi magana ta ce mai aikin na zuwa. Ranar da ta cika sun jira ni har rana ta ɗaga, maza suna ta aikowa daga waje, sannan kaka ta yi abin da ya kamata.

Tsohuwar ta kira ni ɗakinta, ta kama hannuna, tana so ta kwantar mini da hankali. Ta ce kada in damu, ta yi mata a hankali, ba ta ja ba. Ta ce komai nata ya bi ta, ba a bar ko sili ba.

"Har wanda ta tara ƙarƙashin matashi, cikin farin ƙyalle. Na san gashinta na da ya zube, na sa mata cikin likkafani, nan wajen wuya."

Haka suke yi, abin da ya fita daga jikin mamaci a binne shi tare da shi. Ba ta kwance ƙullin ba. Da ta kwance, da ta ga gajere ne mai tauri. Na duba fuskarta, na bar ta a haka. Har yau ban gaya mata ba, ban gaya wa Inna ba. Da muka fito mota ta bi ta gefen maƙabarta, wani ya nuna mini sabon tudu daga nesa, na ji iska tana taɓa fatar kaina ta cikin ɗankwali.

Na ƙarasa zuwa Sakkwato sau biyun da suka rage. Likita ya ce ƙullutun ya narke, amma in riƙa zuwa ana dubawa, ba a cewa an gama. Na tambayi wani malami a kaikaice, kamar maganar wata ce, ya ce gashi ba ya kiran mai shi, kowa da ranarsa. Na yarda da shi. Sai dai gashin da ya fito mini ba nawa ba ne. Mai laushi ne, baƙi, yana zillewa daga yatsu. Likita ya ce haka yakan faru da masu shan wannan magani, ya ga da yawa. Shi dai bai shekara shida yana kitsa wancan kan ba.

Jiya da azahar ina zaune a inda matan Jiga suka same ni, na farga hannuna yana kaina, ɓangaren hagu, yana warware abin da ba a kitsa ba. Inna tana kallona daga bakin murhu. Ta ce wannan kai dai ba zai zauna haka ba. Na ce to, gobe ta kitsa ni da rana, a tsakar gida, ta yi ko guda nawa ta ga dama, ban da uku.